Darasi na Tara: Tafiyar da Ma'aikata a Asibitin Matakin Farko

Wannan darasi na waɗanda ke da hannu ne a gudanar da ƙaramin asibiti: inchaj, ɗan kwamitin raya mazaɓa, magatakarda a ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, har da mai unguwar da jama'a ke kai wa ƙorafi idan sun tarar da asibiti a kulle. A jihohinmu albashin ma'aikata ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin da ake kashewa yau da kullum a kan lafiya. Duk da haka, idan an zauna taro a kan matsalar asibiti, maganar gini da magani da janareta ake yi, ma'aikata kuwa sai a ce kawai “ba su isa ba”, a wuce. Gaskiya ne ba su isa ba. Amma asibiti biyu masu ma'aikata bakwai-bakwai, ɗaya ana karɓar haihuwa a cikinsa da tsakar dare, ɗayan kuma da la'asar an riga an sa kwaɗo. Bambancin yana ga yadda aka zaɓo mutanen, da inda aka ajiye su, da lokacin da ake biyansu, da wanda ke duba aikinsu. Waɗannan su ne za mu koya.

Su wa ke aiki a asibitin mazaɓa?

Dattawa suna tuna malamin asibitin sha-ka-tafi da duba-gari na zamanin En'e. Makarantar koyon aikin tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, tana cikin wuraren farko da aka horar da irin waɗannan ma'aikata a Arewa. Tsarin da muke kai yanzu ya samo asali ne daga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yarda cewa a kai kula da lafiya kusa da gidajen mutane. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa wannan tsari a ƙananan hukumomin Nijeriya, kuma a 1992 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da lafiya a matakin farko.

A mafi yawan asibitocin karkara ba za ku ga likita ba. Wanda ke riƙe da wurin ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wanda ake kira CHEW, mai karatun shekara uku a kwalejin fasahar lafiya, ko ƙaraminsa mai karatun shekara biyu. Suna aiki ne da wani littafin ƙa'idoji da ke gaya musu alamomin da za su duba, da maganin da za su bayar, da lokacin da dole su tura marar lafiya gaba. A samansu akwai jami'in lafiyar al'umma, wanda sau da yawa shi ne inchaj. Sai nas da ungozoma mai takarda, idan an yi sa'ar samunsu, da mai gwajin jini, da mai ba da magani, da mai ajiye kati. Kada a manta da leburori da maigadi, domin ungozoma ba za ta kwana a asibitin da ba shi da maigadi ba, kuma tana da gaskiya.

Kowane rukuni yana da hukumar da ke yi masa rajista ta ba shi lasisi mai wa'adi: likitoci da tasu, nas-nas da ungozoma da tasu, ma'aikatan lafiyar al'umma da tasu. Aikin farko na mai ɗaukar ma'aikata shi ne ya ga lasisin da idonsa, ya duba ko wa'adinsa bai ƙare ba. Farar riga a kasuwa ake sayenta.

Mutum nawa ake buƙata?

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da ba ta da aƙalla likitoci da nas-nas da ungozoma 23 ga kowane mutum 10,000 tana cikin matsanancin ƙarancin ma'aikata, kuma ta lissafa ƙasashe 57 da ke cikin wannan hali, 36 daga cikinsu a Afirka. A 2016 ta ɗaga ma'aunin zuwa kusan 45 ga mutum 10,000. A watan Maris na 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisi a Nijeriya kimanin 55,000 ne, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Waɗannan ɗin ma sun taru ne a Legas da Abuja da manyan birane.

Irin waɗannan alƙaluma na masu tsara manufofi ne. Inchaj yana buƙatar wani lissafin da ya fi kusa da shi, kuma ga shi. Ku ɗauki takarda ku bi shi da kanku.

Mako ɗaya awa 168 ne. Ma'aikacin gwamnati awa 40 yake yi a mako. Idan ana so a sami mutum ɗaya tak a ɗakin haihuwa dare da rana, har Asabar da Lahadi, sai a raba 168 gida 40, a sami 4 da ɗan ɗoriya. Wato mutum huɗu ma ba su cika ba. To, ma'aikaci ba ya aiki mako 52 cur a shekara. Akwai hutun shekara, da ranakun salla da sauran hutun gwamnati, da rashin lafiya, da taron bita. Mu ƙaddara an cire mako 8, saura 44. Idan aka ninka 44 sau 40 za a sami awa 1,760. Shekara kuwa awa 8,760 ce. A raba 8,760 da 1,760, amsar ta kusa 5. Kujera ɗaya, mutum biyar. Ba mu sa hutun haihuwa ba, wanda yake kamawa daga wata uku zuwa shida gwargwadon jiha, alhali ma'aikatan ɗakin haihuwa kusan duk mata ne, da yawansu kuma suna shekarun haihuwa.

Saboda haka idan kuka ga an rubuta a bangon asibiti cewa ana aiki awa 24, sannan ungozoma biyu ne kawai a wurin, to ɗayan biyu ne: ko dai matan nan suna aikin mutum biyar, ko kuma rubutun bango ne kawai. Ɗan kwamitin da ya san wannan lissafi ba zai tsaya zagin ungozoma ba, zai ɗauki takardarsa ya nufi ofishin hukuma.

Lissafi na biyu na nauyin aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da hanyar da ake auna yawan ma'aikata da yawan aikin da ke gabansu, maimakon a ce kowane asibiti a ba shi adadi iri ɗaya. Tushenta mai sauƙi ne. Mu ce awon mace ɗaya yana cin minti 15 idan za a yi shi yadda ya kamata, a gwada jini, a auna ciki, a saurari bugun zuciyar jariri, a yi mata bayani. Mu ce ranar awo mata 60 suka zo. Minti 900 ke nan, wato awa 15. Ma'aikaciya ɗaya ba za ta iya ba, sai dai ta riƙa tsallake wasu gwaje-gwajen, kuma gwajin hawan jini da aka tsallake yau shi ne jijjigar da za a kawo cikin dare bayan wata biyu. Mafita ba lallai sai an ɗauki sabon ma'aikaci ba. Ana iya raba awo zuwa kwana uku a mako, ko a karkato da ƙarin mutum ranar kasuwar garin, tunda ranar ce mata daga ƙauyuka ke samun mota.

Ma'aikacin na wane ne?

Shekaru da dama ma'aikacin asibitin karkara yana da iyayen gida da yawa. Ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar ƙananan ma'aikata har zuwa mataki na 6. Daga mataki na 7 zuwa sama, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke da iko da ƙarin girma da canjin wurin aiki. Ma'aikatar lafiya ta jiha tana zuwa duba aiki, amma ba ta da ikon hukunta kowa. Allurar rigakafi kuma daga Abuja take zuwa. Wanda ya ga laifi ba shi ne mai hukunci ba, mai hukunci kuma bai taɓa taka asibitin ba.

Jihar Jigawa ta fara magance wannan a 2007 da tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manyan asibitocin jiha ƙarƙashin hukuma ɗaya. A 2011 majalisar ƙoli ta lafiya ta ƙasa ta amince da manufar tattara dukkan harkar lafiya ta matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato kowace jiha ta kafa hukuma guda da za ta riƙe ma'aikata da albashinsu da kayan aikinsu. Jihohi sun kafa hukumomin, sai dai miƙa ma'aikata da kuɗin albashinsu ya ɗauki lokaci, domin babu shugaban ƙaramar hukumar da ke son sakin ikon ɗaukar aiki.

A irin wannan ruɗani ne ake samun ma'aikatan bogi, sunayen da ke karɓar albashi ba tare da mutum a bayansu ba, ko na wanda ya rasu, ko wanda ya daɗe da barin ƙasar. A gefe guda kuma ga 'yan sa-kai, matasan da suka gama kwalejin lafiya ba a ɗauke su aiki ba, suna zuwa asibiti kullum shekara da shekaru, ana ba su ɗan abin sabulu. A wurare da yawa su ke riƙe da aikin dare. A ganina wannan ita ce ɓaraka mafi muni a tsarin, domin wanda ba a biya ba a iya tsawata masa, kuma wanda ke aiki ba albashi dole ya nemi na abinci ta wata hanya, sau da yawa daga aljihun marar lafiya.

Abin da shirin ungozoma na 2009 ya koyar

A ƙarshen 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozoma karkara, da kuɗin da aka samu bayan yafe wa Nijeriya bashi. An ɗauki sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma suna da sauran ƙarfi. An zaɓi ƙananan asibitoci 652 a zangon farko, aka ɗaura kowane huɗu a kan babban asibiti ɗaya da za a riƙa tura mai naƙudar da ta gagara, aka kuma tsara ba kowane ƙaramin asibiti ungozoma huɗu don a yi aiki dare da rana. Ku tuna lissafinmu na ɗazu: huɗu sau 40 awa 160 ne, bai kai 168 ba. Tun daga takarda, ba a bar sararin hutu ko rashin lafiya ba.

Alawus ɗin kuma an raba shi gida uku. Tarayya za ta ba da naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika nasu alƙawarin a kan kari ba. Wasu matan an kai su garuruwan da ba su jin harshen mutanen, an sauke su a ɗakin da babu ruwa babu wuta, nesa da mazajensu da 'ya'yansu. Da yawa suka tattara kayansu. Binciken da aka yi daga baya ya nuna zuwa awo ya ƙaru a farkon shirin, amma haihuwa a hannun ƙwararru ba ta ƙaru yadda aka sa rai ba.

Tunanin shirin mai kyau ne, kuma ya ceci rayuka a inda aka riƙe shi da gaske. Abin da ya karya shi abubuwa ne da ake rainawa a ofis: ɗakin kwana, rijiya, katanga, ranar biyan kuɗi. Aika ma'aikaci karkara takarda ɗaya ce. Zamansa a can kuwa sai an yi masa tanadi.

Wani shirin ya bi ta wata hanya. Daga 2012, da tallafin gwamnatin Birtaniya, aka gudanar da shirin ƙara yawan mata ma'aikatan lafiya a Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. An lura cewa 'yan matan karkara ba sa samun shiga makarantun nas da ungozoma saboda ba su da kiredit biyar da ake nema a Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku. Sai aka buɗe musu ajin share fage na shekara guda. Al'umma ce ke zaɓo yarinyar, da yardar iyayenta ko mijinta, bisa sharaɗin za ta dawo ta yi wa garinsu aiki. 'Yar gari ba ta buƙatar masauki ko tafinta, kuma maigidan da ba zai bar matarsa ta je wurin baƙon namiji ba zai bar ta ta je wurin 'yar maƙwabcinsa. Sai dai wannan hanya tana cin shekaru, kuma ba ta da amfani idan jiha ba ta ɗauki yarinyar aiki ba bayan ta gama.

Miƙa wa ƙarami aikin babba

Tunda ungozoma ba su wadata ba, a 2014 Nijeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyuka ga ma'aikatan lafiyar al'umma bayan an ba su ƙarin horo. Wadda aka horar tana iya karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba, ta ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a garzaya da ita babban asibiti, ta kuma sa robar tazarar haihuwa a dantse. Sharaɗin shi ne horo da sa ido. Inchaj ya ajiye rubutaccen bayani na wanda aka horar a kan me, da yaushe. Wanda ba a horar ba, ko shekara ashirin ya yi yana kallo, ba a sake masa wannan aiki.

Albashi, yajin aiki, da masu tafiya

A asibitocin tarayya likitoci suna da tsarin albashinsu daban, sauran ma'aikatan lafiya suna da nasu, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ta daɗe tana haddasa rigima. Gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba ta yi yajin aiki na kusan mako shida a 2018, likitoci masu neman ƙwarewa kuma sun yi na kimanin wata biyu a 2021. Alawus ɗin kasada, wanda ake biya saboda haɗarin kamuwa da cuta a bakin aiki, ya daɗe a kan naira 5,000 a wata kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021.

Jihohi da yawa ba sa biyan daidai da na tarayya, shi ya sa ma'aikata ke tafiya hawa-hawa: daga ƙauye zuwa hedikwatar jiha, daga asibitin jiha zuwa asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, daga can kuma sai Ingila ko Saudiyya ko Amurka. A 2024 Farfesa Pate ya ce a cikin shekara biyar likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar. A Agustan 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufa ta musamman a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hannun inchaj. Amma ya sani cewa duk gurbin da ya buɗe a birni, daga ƙarshe ƙauye ne zai biya, domin daga can za a ɗauko mai cike shi.

Abin da ke hannun inchaj da kwamiti

Jadawalin aiki shi ne babban makamin inchaj. A rubuta shi tun kafin wata ya kama, a manna shi inda ma'aikata da jama'a za su gani. Aikin dare da na ranar salla su zagaya kan kowa. Da zarar an fahimci cewa 'yar wani babba ba ta aikin dare, to jadawalin ya mutu, sauran ma za su fara kawo uzuri. Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ma'aikata shida su raba kansu, biyu su zo wannan mako, biyu mako mai zuwa, kowa yana karɓar albashin wata cikakke. Rajistar sa hannu ba ta kama wannan, tunda ana sa wa juna hannu. Abin da ke kama shi shi ne ɗan kwamitin da ke leƙowa ba tare da sanarwa ba, ya gwada sunayen da ke bango da fuskokin da ke ciki.

Idan ma'aikaci ya yi fashi, a fara da tambaya a keɓe, ba a gaban marasa lafiya ba. “Sista, kwana biyu ba mu gan ki ba, Allah ya sa lafiya?” Wataƙila amsar ita ce, “Wallahi ranka ya daɗe, kuɗin mota ne ya gagara, albashi bai shigo ba.” Wannan matsala ce da kwamiti zai iya sa hannu a ciki. Idan kuma sakaci ne, akwai matakai a dokar aikin gwamnati: gargaɗin baki, sannan takardar neman ba'asi, sannan a kai rahoto sama. Kowane mataki a rubuta shi da kwanan wata, domin hukuncin da ba shi da takarda ba ya tsayawa.

Taron bita ma a raba shi da adalci. Saboda kuɗin zama da ake bayarwa, wasu inchaj su ke zuwa kowane taro, ko da a kan aikin da ba su taɓa yi da hannunsu ba ne. Wanda zai yi aikin shi za a tura, idan ya dawo kuma ya koya wa sauran.

Sai kuɗi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma ta ware kashi 10 cikin 100 na asusun don bunƙasa ma'aikata. An fara sa shi a kasafin kuɗi a 2018. Asibitin da ke cikin shirin yana samun kuɗi kai tsaye a asusunsa na banki, kuma shugaban kwamitin mazaɓa yana cikin masu sa hannu. Idan za a tsara yadda za a kashe, gyaran ɗakin kwanan ungozoma da fitilar sola a ɗakin haihuwa su zo kafin fentin katanga.

A ƙarshe inchaj ya riƙe jerin ma'aikatansa da shekarar da kowa zai yi ritaya. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta a aikin gwamnati ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ranar ritaya sananniya ce tun ranar da aka ɗauki mutum, don haka a rubuta wa hukuma neman madadinsa shekara guda kafin lokacin.

Aikin yi

Ku je asibitin mazaɓarku ku biyu-biyu, ku nemi izinin inchaj. Ku rubuta yawan ma'aikatan da ke kan takarda, da yawan waɗanda kuka tarar, da 'yan sa-kai nawa ne a cikinsu, da nawa ne ke kwana a garin. Ku yi amfani da lissafin awa 8,760 ku gano ko masu karɓar haihuwa sun isa a buɗe ɗakin dare da rana. Idan ba su isa ba, ku rubuta wa sakataren lafiya na ƙaramar hukuma wasiƙar da ba ta wuce shafi ɗaya ba, ku sa lissafin a ciki, ku kawo ta aji mako mai zuwa a karanta.